Gam Iri Biyu a Bakin Ƙanwata

A tsakiyar shekarun tamanin, lokacin muna cikin jihar Borno, ina aikin jinya a ɗakin haƙori na wani asibiti a Nguru. Ɗaki ɗaya ne, da kujera ɗaya wadda ake taka ƙafarta ta ɗaga, da taga mai kallon bishiyar maina inda marasa lafiya suke zaman jira a kan benci. Yawancin aikinmu cirewa ne. Mutanenmu ba sa zuwa sai kumatu ya kumbura, sun gama gwada kanumfari da kanwa, barci ya gagara.

Likitanmu dattijo ne ɗan ƙasar Masar, Hausarsa gutsi-gutsi, yana cike gurbi da Larabci da Turanci. Ya sha faɗa mini cewa ya gaji da cire haƙora, yana son ko sau ɗaya ya gyara abu a bakin mutum ya bar shi a wurinsa. Wata shekara da ya dawo daga hutu ya zo da ƙaramin akwati. A ciki akwai 'yan ƙarafuna kamar ƙwayar shinkafa waɗanda ake mannawa a fuskar haƙori, da siririyar waya da ake ratsawa ta cikinsu don ta ja haƙora su daidaita, da gam iri biyu na manna su. Akwatin ya yi watanni a cikin kabad ba a taɓa shi ba.

Gidanmu a Gashua yake. Babanmu masunci ne, asalinsa wajen Dagona, da damina kuma yana noman shinkafa a fadama. Mu shida Inna ta haifa, mu biyu muka rayu, ni ce ta fari, sai ƙanwata wadda na ba shekara goma. Kowa Auta yake ce mata. Tun tana ƙarama haƙoranta na sama suka turo gaba sosai, har leɓɓanta ba sa haɗuwa sai ta matsa su da gangan. Leɓen ƙasa kullum a bushe, yana tsagewa yana jini. Yaran unguwa sun sa mata sunaye da ba zan maimaita ba. Ta koyi magana da bayan hannu a kan baki, in za ta yi dariya kuma sai ta juya ga bango. A makarantar sakandare tana cikin na gaba-gaba, amma malamanta suna kukan ba ta ɗaga hannu a aji.

Da dogon hutu ta zo wurina Nguru, tana da shekara goma sha biyar. Ran nan ta biyo ni asibiti don ta gaida likita. Ya amsa gaisuwar, ya roƙe ta ta sauke hannunta. Ta kalle ni, na gyaɗa mata kai. Ya daɗe yana dubawa, ya sa ta cije, ya sa ta buɗe, sannan ya ce da ni da Turanci wannan abu ne mai gyaruwa, shekara biyu ko ƙasa da haka. Na ɗauka ba ta bi maganar ba. A hanyar gida, da muka zo wajen tashar jirgi, ta tsaya ta ce, "Yaya, ki roƙar mini Baba."

Na je Gashua a ƙarshen mako. Na samu Baba a ƙofar gida yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, na zauna a gefen tabarma na yi masa bayani. Ya ce haka Allah ya halicce ta, shi bai ga abin gyara ba, kuma tun da yake bai taɓa jin an ɗaure wa mutum baki da waya ba. Ban yi gardama ba. Inna ce ta sa baki daga bayan zana, ta ce shi ba ya gida lokacin da yarinyar take dawowa daga makaranta da jajayen idanu. Washegari Baba ya tambayi limamin unguwarmu bayan sallar azahar. Liman ya ce in don kawar da cuta ne ba don ado ba, bai ga laifi ba. Da Baba ya dawo abu ɗaya ya tambaye ni, ko abin yana ciruwa. Na ce yana ciruwa.

"To, duk ranar da ta ce a cire, ki cire mata," in ji shi.

Na yi alkawari.

Kafin a manna komai sai da likita ya cire mata lafiyayyun haƙora biyu daga sama, ɗaya kowane gefe, don a samu filin da na gaba za su koma. Wannan ya ɓata wa Inna rai ƙwarai, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Auta kuwa ko a jikinta. Bayan wuraren sun warke, an gama yankan shinkafa, muka sa ranar mannawa.

Gam na farko kwaɓi biyu ne a 'yan kwalabe, ana ɗibar daidai-wa-daida a cuɗa su a kan takarda. Mai tsirfa ne. Sai an shafa wa haƙori wani ruwa mai tsami har fuskarsa ta yi fari kamar alli, a wanke, a busar da shi ƙayau. In yawu ya taɓa wurin ko kaɗan, sai a sake daga farko. Ga shi ba ya son zafi. A cikin firjin kananzir na allurar rigakafi muke ajiye shi, kuma da zarar an cuɗa shi a zafin Nguru yakan daskare kafin likita ya gama daidaita ƙarfen. Na biyu gari ne da ruwansa, ana kwaɓawa a kan gilashi. Shi bai damu da ɗan danshi ba, zafi ba ya lalata shi a kwalba, likita kuma ya ce yana kare haƙori daga ruɓewa a gefen ƙarfe. Sai dai yana shakkar riƙonsa.

Ya gaya mana gaskiya, ni da ita, cewa bai san wanda zai fi dacewa da ƙasa irin tamu ba. Waɗanda suka rubuta littattafan da ya karanta a ƙasashen sanyi suke, da wutar lantarki ba yankewa. Don haka yana son ya manna huɗun dama da gam na farko, huɗun hagu da na biyu, mu ga wanda zai riƙe. Ya tambaye ta ko ta yarda. Ta ce ita dai a sa. Ya ba ni wani littafin rubutu ya ce duk ƙarfen da ya faɗi in rubuta rana, da gefe, da abin da take ci.

Ranar babu wuta, da 'yar robar hura iska na riƙa busar da haƙoran, hannuna ya yi tsami. Na cusa mata auduga a kumatu, ina canzawa in ta jiƙe. Aikin ya kai mu daga hantsi har bayan azahar. Sau biyu gam na farko ya daskare a kan takarda muka zubar. Ita ko motsi ba ta yi ba, idonta a kan silin, sai hawayen gajiya da ke gangarowa zuwa kunnenta ina sharewa. Da aka gama likita ya sa zobban ƙarfe biyu a matauni, ya ratsa waya, ya ba ta madubi. Ta duba ta ce ta zama kamar layin dogo. Shi ma sai da ya yi dariya da na fassara masa.

Sannan ya lissafa mata abin da aka hana ta: rake, ƙuli-ƙuli, aya, ƙanzo, kilishi, kan busasshen kifi, da goriba. Na ƙarshen nan ne ya fi mata ciwo. Auta tana iya zama da goriba ɗaya tun la'asar tana gaigaya har ta bar ƙwallon fes.

Daga nan kowane wata takan shigo mota daga Gashua ranar Juma'a bayan an tashi makaranta, ta kwana a wurina, Asabar da safe likita ya ƙara ɗaure wayar. Kwana uku na farko bayan kowane ɗauri ba ta iya tauna ko tuwo, sai kunu da fura. Ba ta taɓa cewa a cire ba.

Matsalar gefen hagu ce. Tun wata na biyu ta zo da ƙarfe ɗaya a cikin kwalin ashana. Muka mayar. Wata na gaba wani ya faɗi. Na dama suna nan daram, sau ɗaya kawai ɗayansu ya saki. Littafina ya cika da hagu, hagu, hagu, kuma a gurbin abinci kullum amsarta ɗaya ce, ba ta cin komai mai tauri. Wani ya faɗi tana shan kunu, wani tana asuwaki a hankali, wani ta farka ta same shi yana lilo a jikin waya. Kowane faɗuwa yana mayar da aiki baya, ga ƙarafunan ba su da yawa.

Wata Asabar a wata na bakwai, mutane sun cika benci, tun safe ina tsaye, ta miƙo mini kwalin ashanar da ƙarfe biyu a ciki. Ban san abin da ya hau kaina ba. A nan ƙofar ɗaki, gaban mutane, na ce mata ba ta jin magana, goriba take ci a ɓoye, tana ɓata wa dattijon mutum wahalarsa.

"Wallahi Yaya ban ci ba," ta ce.

Na ce ta daina rantsuwa a kan ƙarya. Na ƙara da cewa in ba ta so, a cire mata ta koma yadda take. Sai na ga hannunta ya tashi ya rufe bakinta, abin da ta yi watanni ba ta yi ba. Ta shiga ta hau kujera, aka mayar da ƙarafunan. Ko abincin rana ba ta tsaya ci ba, ta wuce tasha.

Bayan an watse likita ya kira ni. Ya ajiye guntun gam ɗin da ya kankare daga haƙoranta a kan gilashi, ya murtsuke shi da yatsa, ya zama gari. Ya ce da cizo ne ya ɓalle su, da ba haka gam ɗin zai kasance ba. Wannan tun asali bai yi ƙarfi ba. Ya ce shi gam na biyun riƙonsa bai kai na ɗayan ba, wannan kam ya fara bayyana. Amma kuma ya lura in ina kwaɓawa nakan ƙara ɗigon ruwa ɗaya don ya yi laushi ya ba mu lokaci, kuma ɗigon nan yana rage masa ƙarfi. A hankali ya faɗa, yana wanke hannu, bai ko kalle ni ba. Ya ce shi ma da laifinsa da bai yi magana da wuri ba.

Na ƙudura zan ba ta haƙuri in ta dawo. Da ta dawo sai ta shigo da fara'arta, ta kawo mini kifi daga Inna, tana ba ni labarin makaranta kamar ba abin da ya faru. Na ga kamar tayar da maganar zai ɓata zaman. A gidanmu ma babba ba ya ba ƙarami haƙuri da baki. Na saya mata atamfa da ɗankwali, na ce na sallah ne. Ta yi godiya. Na daina ƙara ɗigon ruwan, faɗuwar ta ragu sosai, ko da yake ba ta daina gaba ɗaya ba. Ita kuwa na tabbata ta ɗauka har yanzu ina zarginta, don duk lokacin da ta miƙo kwalin sai ta sunkuyar da kai.

Cikin shekara guda haƙoran suka koma baya yadda kowa zai gani. Leɓɓanta suka fara haɗuwa da kansu, tsagewar ta warke. Inna ta ce yanzu tana jin muryarta daga ƙofar gida in tana dawowa da ƙawayenta. An zaɓe ta ta yi karatu a gaban taron makaranta, ta yi, da ƙarafunan da komai. Akwai mai hoto kusa da kasuwar Nguru, na sha cewa mu shiga, takan ce a bari sai an cire. Shi ya sa ba mu da hotonta ko ɗaya. A zuwanta na ƙarshe likita ya ce saura wata uku.

Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai, sanƙarau ya shigo garuruwanmu. Wata Talata da hantsi wani direban motar Gashua da ya san mu ya leƙo ta taga ya ce Baba ya ce in zo, Auta ba lafiya. Likita ya ji. Ya ɗauko filaya biyu, ta yanke waya da ta cire ƙarfe, ya naɗe su a tawul ya sa mini a jaka.

Na same ta a asibiti a Gashua, an kwantar da marasa lafiya a jere har baranda. Wuyanta ya sanƙare, ba ta son haske, ba ta gane mutane sosai. Lokacin da jikinta yake fizga, bakin wayar ya yanke ta a cikin kumatu. Na yanke wayar na zare, na bar ƙarafunan, don a raina za ta tashi a ci gaba. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, ana yi mata allura a kan lokaci. Rana ta biyu da la'asar ta buɗe ido, ta zagaya harshe a kan haƙoranta, ta ji babu waya. Ta ce, "Yaya, ba ni na cire ba." Na ce na sani, ni na cire, za a mayar. Na ce mata kuma na san ba ta ci goriba ba, kwaɓina ne bai yi kyau ba. Idonta a rufe yake lokacin. Ban san ko ta ji ba. Washegari da safe, rana ta ɗan ɗaga, ta cika.

Aka kai ta gida. Wata tsohuwa Babarbariya maƙwabciyarmu ce take wankan gawa a unguwar, ta ce ni da Inna mu tsaya mu taya ta. Da ta zo goge baki sai ta tsaya, ta tambaya ko da wannan ƙarfen za a kai ta. Inna ta fita ta tambayi Baba. Na ji muryarsa daga tsakar gida, ba faɗa a ciki, ya ce ai na ce masa yana ciruwa, in cire mata.

Na kwance tawul ɗin. Inna ta zauna ta ɗora kan Auta a cinyarta. Na fara da zobban, suka fita. Na hagu huɗu ba su ba ni wahala ba, ina matsawa suna faɗowa a tafin hannuna, haƙoran a ƙarƙashinsu fari tas. Na dama suka ƙi. Likita ya taɓa nuna mini yadda ake yi, a matse fukafukan ƙarfen a ɗan murɗa, amma ban taɓa yi a bakin mutum ba. Maza suna waje da makara, rana tana yi. Na farko ya fita da ƙara, na biyu ma haka. A na uku filaya ta zame ta bugi dasashi. Inna ta ce, "A hankali, kada ki ji mata ciwo." Tsohuwar ta riƙe mini haɓar, ta ce in ja numfashi, ba wanda zai tafi ya bar mu. Na ƙarshe a kan babban haƙorin gaba yake, ya fita ya bar gam a manne, rawaya-rawaya. Na kankare iya abin da zan iya, saura ya ƙi, na bar shi. Tsohuwar ta goge bakin, ta haɗa leɓɓan, suka zauna ba tare da an riƙe ba. Muka gama wanka, aka yi sutura, aka fita da ita kafin azahar.

Na koma aiki bayan sadakar bakwai. Likita ya yi mini ta'aziyya da Larabci, ya daɗe yana addu'a, idonsa ya kawo ruwa. Na mayar masa da filayoyinsa da littafin. Bayan wasu kwanaki ya tambaye ni, yana ba ni haƙuri, yadda cirewar ta kasance a kowane gefe. Na gaya masa duka. Ya rubuta da hannunsa a shafin ƙarshe. Ya ce baki ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, amma abin da ya gani shi ne gam na farko ya fi riƙo, na biyu ya fi sauƙin fita kuma ya fi barin haƙori da tsabta. Ya so ya gwada a wasu yara, har an kawo masa biyu. Sai kaya suka daina zuwa daga waje, firjin ya lalace na tsawon makonni, gam na farko ya daskare a kwalabensa. Shekarar da ta biyo baya kwantiraginsa ya ƙare, ya koma ƙasarsu da littafin. Ya rubuto mini wasiƙa sau ɗaya. Wanda ya maye gurbinsa bai taɓa buɗe akwatin ba, muka ci gaba da cirewa.

Baba bai taɓa ɗora mini laifi ba, bai kuma sake ambaton maganar haƙoran ba har ya rasu. Inna ta daina zuwa fadama. Kusan shekara biyu bayan rasuwar Auta, matauninta ya ruɓe ya hana ta sakat, na matsa mata ta zo Nguru. Ba ta taɓa shiga ɗakin aikina ba sai ranar. Ta tsaya a ƙofa ta cire takalmi, na ce ba sai ta cire ba. Ta hau kujerar da ƙyar, ta riƙe hannuwan kujerar gam da na taka ta ɗaga. Sabon likita ya yi allura ya cire haƙorin, ya fita. Na sa mata auduga na ce ta cije, kada ta yi magana na ɗan lokaci. Ta kwanta tana kallon silin, can ta zare audugar ta tambaye ni ko Auta tana kuka in ana ɗaure mata wayar. Na ce ba ta yi. Ta ce a gida ma ba ta yi, sai dai ta ce a dama mata kunu da ruwa-ruwa. Na sa mata sabuwar auduga.

Na so ta kwana biyu a wurina, ta ce ta bar awaki ba mai ba su ruwa. Da la'asar na raka ta tasha, na samar mata gaban mota kusa da taga, na gaya wa direba kada ya bari ta sha abu mai zafi a hanya. Na tsaya har motar ta cika ta tashi.